Faifan "Coat of Many Colors" Na Dolly Parton: Inda Ya Yi Ƙarfi Da Inda Ya Gaza

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zauna da iyayenmu ko yayyenmu waɗanda suka yi makaranta ko suka kama aikin gwamnati a shekarun 1970 da na 1980, ya tambaye su irin waƙoƙin Turanci da suka fi ji a gidajen rediyon ƙasar nan a wancan zamani, da wuya su ƙare lissafi ba su ambaci Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton ba. Dukansu mawaƙan kantiri ne, watau waƙar mutanen karkara ta kudancin Amurka, wadda ake yi da jita da goge, ana ba da labarin gona da gida da soyayya da talauci da tsoron Allah. Cikin waƙoƙin Dolly Parton da suka zauna a kunnen jama'a har yau akwai wadda ta yi a kan wata rigar sanyi da mahaifiyarta ta ɗinka mata da tsummoki, mai suna "Coat of Many Colors", watau riga mai launi iri-iri.

To, amma da yawa daga cikin masu son wannan waƙa ita kaɗai suka sani. Ba su san cewa ɗaya ce daga cikin waƙoƙi 10 da ke cikin wani faifai mai wannan suna ba, wanda kamfanin RCA ya fitar a watan Oktoba na shekarar 1971. Faifan nan nake so mu duba a yau, domin yabon da ba a auna ba ba ya ƙara wa mai aiki komai, ba ya kuma koya wa na baya komai. Ra'ayina a taƙaice shi ne, faifan ya yi ƙarfi ƙwarai a inda Dolly Parton ta rera abin da ta gani da idonta ta kuma rubuta da hannunta, ya kuma yi rauni a inda ta ɗauki kayan wani, ko ta bi abin da kasuwa take so. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan faifai ya gaskata su.

Asalin Mawaƙiyar

An haifi Dolly Parton ran 19 ga Janairu, 1946, a gundumar Sevier ta Jihar Tennessee, a yankin duwatsun da ake kira Smoky. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Mahaifinta, Robert Lee Parton, ƙaramin manomi ne wanda bai iya karatu da rubutu ba, kuma ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa da buhun garin masara aka biya likitan da ya karɓi haihuwarta. Kakanta na wajen uwa mai wa'azi ne a coci, a can kuwa ta fara rera waƙa tun tana ƙarama. Da ta gama sakandare a shekarar 1964, kashegari ta kama hanyar Nashville, birnin da kamfanonin waƙar kantiri suka yi sansani.

A shekarar 1967 ne wani mashahurin mawaƙi mai suna Porter Wagoner ya ɗauke ta cikin shirinsa na talabijin, wanda ake nunawa a tashoshi masu yawa a Amurka. Shi ne ya shigar da ita kamfanin RCA, suka riƙa yin faifai tare, kuma a farkon shekarar 1971 waƙarta mai suna "Joshua" ta zama ta farko da ta kai ta matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard. Watau dai Wagoner ubangidanta ne. Sunan Bob Ferguson aka rubuta a jikin faifan a matsayin wanda ya shirya shi, amma sanannen abu ne cewa a waɗannan shekaru Wagoner yana da babban hannu a yadda ake ɗaukar waƙoƙinta. Daga cikin waƙoƙi 10 na faifan, ita ta rubuta 7, shi ya rubuta 3. Wannan rabo ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa yawancin maganarmu za ta tsaya.

Inda Faifan Ya Yi Ƙarfi

Bari mu fara da waƙar da aka sa wa faifan sunanta, wadda ita ce ta buɗe fuskar farko. Ta rubuta ta a shekarar 1969 suna cikin motar tafiya wasa, da ta rasa takarda sai ta yi amfani da bayan rasit na wankin kwat ɗin Wagoner. Labarin ba shi da wuya. An ba su akwatin tsummoki, sanyi ya matso, yarinya ba ta da rigar sanyi, sai uwa ta zauna ta harhaɗa ƙyallayen nan ta ɗinka mata, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf da rigarsa. Yarinya ta sa riga ta ruga makaranta tana murna, sai 'yan ajinsu suka yi ta yi mata dariya. Ta yi ƙoƙarin ta gane da su darajar rigar, suka kasa ganewa. Ƙarshen labarin ke nan, kuma cikin kamar minti uku aka ba da shi.

Gwanintar da ke cikin wannan waƙa tana wajen abin da mawaƙiyar ta ƙi yi. Ba ta zagi yaran ba, ba ta sa wani malami ya zo ya ceci yarinyar ba, ba ta kuma juya ƙarshen labarin ya zama yaran sun tuba sun ba ta haƙuri ba. Ta bar abin yadda ya faru. Har ila yau, shigar da labarin Annabi Yusuf da ta yi hikima ce babba. Maganar launin rigar daga Littafin Farawa na Baibul ta fito, inda rigar da uba ya yi wa ɗansa ta hura wutar hassadar 'yan'uwansa. Musulmi ma sun san rigar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, a cikin surar da ke ɗauke da sunansa, tun daga ranar da aka kawo ta da jinin ƙarya har ranar da aka jefa ta a fuskar mahaifinsa ganinsa ya dawo. Saboda haka babban mutum da ke sauraren waƙar, da ya ji an ambaci Yusuf ya san wahala tana tafe, alhali yarinyar da ke cikin labarin alheri kaɗai take hange. Wannan tazara da ke tsakanin abin da mai sauraro ya sani da abin da yarinya ba ta sani ba ita ce take taɓa zuciya.

Kiɗan ma an yi masa adalci. Jita ce a gaba, sauran kayan kiɗa suna baya ba su danne murya ba, sai a tsakiyar waƙar aka ɗaga amo zuwa mataki na sama, abin da ya sa labarin ya ƙara ɗaukar zafi ba tare da an ƙara hayaniya ba. Muryar Dolly Parton siririya ce mai ɗan rawa, kuma ko wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya tsintar kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Waƙar ta kai matsayi na 4 a jerin Billboard na kantiri, daga baya kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin jerin muryoyin da ake adanawa saboda tarihi, a zaɓen shekarar 2011. Yabon gwani ya zama dole.

Waƙa ta biyu, "Traveling Man", ta nuna cewa mawaƙiyar ta iya ban dariya kamar yadda ta iya ban tausayi. Labarin wata budurwa ne da take satar jiki tana ganawa da wani ɗan koli mai yawo gida-gida, tana ɓoye wa uwarta, har suka shirya guduwa tare. Ashe ɗan kolin nan yana neman uwar ma, kuma da ranar ta zo da uwar ya gudu, ya bar 'yar tana zaman jira. An rera ta da sauri da raha, da irin Turancin mutanen duwatsu. Sanya wannan waƙa nan da nan bayan ta farko dabara ce mai kyau, domin a ta farko an nuna uwa mai sadaukarwa, a ta biyu an nuna uwa mai son zuciya. Wanda ya saurari biyun a jere ba zai zargi mawaƙiyar da cewa ta mai da mutanen karkara waliyyai ba.

Sai "My Blue Tears", ta uku, da "Early Morning Breeze" a fuska ta biyu. A ta farkon mace ce da masoyinta ya tafi, tana korar tsuntsu da hasken rana daga tagarta domin ba ta son ganin abin farin ciki. Gajera ce, an yi ta a kan salon tsofaffin waƙoƙin duwatsu waɗanda kakannin mutanen yankin suka zo da irinsu daga Ingila da Sikotilan da Ailan. A ta biyun kuwa fita ce da sassafe cikin ciyawa da furanni, ana gode wa Mahalicci, an ɗora ta a kan jita mai kaurin murya wadda take tafe a hankali kamar takun mutum. Shaidar cewa ita kanta ta san darajar waɗannan biyu ita ce, ta sake ɗaukar "Early Morning Breeze" a faifanta na "Jolene" a shekarar 1974, ta kuma sake ɗaukar "My Blue Tears" a faifan "Little Sparrow" a shekarar 2001. Akwai kuma "Here I Am", wadda kalmominta ba su da wani zurfi, amma a cikinta ta saki murya irin ta waƙar coci da ta taso da ita, har mutum ya ji cewa wannan mawaƙiya ta fi ƙarfin ɗan kejin da aka sa ta. Ita ma ta sake rera ta tare da mawaƙiya Sia a shekarar 2018.

Inda Ya Gaza

Yanzu sai mu juya ga waƙoƙi uku na Porter Wagoner. "The Mystery of the Mystery" tana magana a kan cewa akwai asiran halitta da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba, sai Allah. Maganar gaskiya ce, amma babu mutum a cikinta, babu wuri, babu wani abu da ya faru. Wa'azi ne na gama-gari wanda kowane mawaƙi a Nashville zai iya rerawa ba a ji bambanci ba. Da aka sa ta ta rufe fuskar farko, sai wutar da waƙoƙin farko suka hura ta lafa. Haka nan "The Way I See You", waƙar soyayya ce da ake kwatanta masoyi da kyawawan abubuwan halitta. Abin da ya ƙara tona rauninta shi ne an sa ta nan da nan bayan "Early Morning Breeze". A ɗaya mutum yana jin wadda ta taka raɓa da ƙafarta, a ɗayar kuwa yana jin wanda ya zauna a kujera yana neman kalmomi masu daɗi.

Ta ukun, "If I Lose My Mind", ta fi sauran biyun nauyi, kuma akwai masu sharhi da suke yabonta saboda ta taɓa abin da ba a saba taɓawa ba a waƙar kantiri ta wancan lokaci. Labarin wata mata ne da ta gudo gidan uwarta bayan mijinta ya nemi jefa ta cikin wata irin lalata da ba ta faɗuwa a shafin jarida, tana tsoron kada hankalinta ya gushe. Dolly Parton ta rera ta da iyakar ƙoƙarinta. Amma fa in aka duba da kyau, waƙar ta dogara ne ga girgiza mai sauraro, matar da ke cikinta kuwa ba ta da wani kataɓus, ta karye ne kawai. Mai karatu ya gwada ta da yarinyar rigar tsummoki, wadda aka yi wa dariya ta tsaya ta mai da martani, ko da budurwar ɗan koli, wadda aka yaudara ta mai da abin raha. Matan da Dolly Parton take rubutawa da kanta suna da bakin magana. Matar da aka rubuta mata ba ta da shi.

Kada a ce na ɗora wa Wagoner laifi duka, domin biyu daga cikin waƙoƙin da ta rubuta da kanta ma ba su kai ba. "She Never Met a Man (She Didn't Like)" mace ce take roƙon mijinta kada ya bar ta saboda wata, tana zayyana halin waccan matar na bin maza. Rerawar ta yi kyau, amma an zuba wa ɗaya matar laifi duka, shi kuwa namijin da ke shirin cin amana an wanke shi kamar yaron da aka ruɗa da alewa. Shekara biyu bayan haka, a waƙar "Jolene" ta 1973, ta koma kan wannan batu ta fi gwaninta, domin a can ba ta zagi abokiyar hamayyar ba, ta yarda da kyanta, ta bayyana tsoron kanta. Sai kuma "A Better Place to Live", wadda ta rufe faifan, kira ne ga mutanen duniya su so juna su riƙe hannun juna, da amshi mai sauƙin kamawa. Irin wannan waƙa ta yi kasuwa a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin yaƙin Biyetnam. Niyyar mai kyau ce, amma faifan da ya fara da uwa ɗaya da allura ɗaya da akwatin tsummoki ɗaya bai kamata ya ƙare da jawabin da ba a san wanda ake yi wa ba.

Dalilin wannan rauni ba boyayye ba ne ga wanda ya san yadda ake aiki a Nashville a wancan zamani. Akan kira makaɗan haya, ƙwararru ƙwarai, a yi zama na awa uku a ɗauki waƙa uku ko huɗu, a kira 'yan amshi su cike gurbi, a wuce ga mawaƙi na gaba. Kamfani yana sa ido ne ga waƙa ɗaya ko biyu da za a sayar a ƙaramin faifai a kuma sa a rediyo, sauran kuwa ciko ne. A cikin shekarar 1971 kaɗai Dolly Parton ta fitar da manyan faifai uku nata na kanta, watau "The Golden Streets of Glory" da "Joshua" da wannan da muke magana a kai, ban da wanda ta yi tare da Wagoner. Wannan shi ne na takwas da ta yi ita kaɗai tun daga shekarar 1967. Tsawonsa duka bai kai minti 30 ba. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Abin mamaki ma shi ne yadda aka sami waƙoƙi biyar masu daraja cikin irin wannan gaggawa.

Adalci Ga Ubangida

Wani zai ce, in ba don Wagoner ba da wa ya san Dolly Parton? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa zan yi musunta ba. Shi ya tsaya mata lokacin da masu kallon shirinsa ba su karɓe ta ba, suna neman mawaƙiyar da ta gada, Norma Jean. Shi ya kai ta gaban miliyoyin masu kallo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ba abin mamaki ba ne ta ba waƙoƙinsa wuri a faifanta. Amma biyan alheri daban, ingancin aiki daban. Mai sauraro da ya sayi faifai ba ya cikin wannan bashi, kuma kunnensa ba ya yi masa ƙarya.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ita ma ta gane haka. A shekarar 1974 ta rabu da shirin Wagoner, ta yi masa ban kwana da waƙar "I Will Always Love You". Da aka nemi Elvis Presley ya rera wannan waƙa, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakarta, ta ƙi, ko da yake abin ya yi mata ciwo. A shekarar 1992 Whitney Houston ta rera ta, ta game duniya, amfanin kuwa ya koma ga wadda ta rubuta ta riƙe abinta. Shi kuma Wagoner ya kai ta ƙara a shekarar 1979 yana neman dala miliyan 3, aka sasanta a wajen kotu, daga baya suka shirya, har tana cikin waɗanda suka ziyarce shi a ciwon ajalinsa a shekarar 2007. Faifan 1971 ya faɗo ne a tsakiyar wannan tafiya, lokacin da ta riga ta fi ubangidanta iya rubutu amma ba ta sami ikon faɗin haka ba tukuna.

Maganar Talauci

Akwai wani zargi da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma a kan waƙar da ta fi kowace kyau yake. A ƙarshen labarin rigar tsummoki, yarinyar ta nuna cewa talauci abu ne na zuci wanda mutum yake da zaɓi a kansa, ita kuwa mai arziki ce saboda ƙaunar uwarta. Masu suka sun ce wannan shafa wa talauci zuma ne, kuma irin maganar da mai ƙoshi yake son ji ke nan, domin tana sauke masa nauyi. In talaka mai arziki ne a zuci, to, me ya rage a yi masa?

Ni a ganina, wannan zargi ya dace da wasu masu sauraro, amma bai dace da waƙar ba. Dole a lura da mai maganar da kuma wanda ake gaya wa. Ƙaramar yarinya ce da takalmanta suka huje, an kewaye ta ana dariya, ba ta da abin kare kanta sai mutuncinta. A bakinta maganar gaskiya ce, kuma jaruntaka ce. Amma in jami'in da aka danƙa wa kuɗin gyaran makaranta ya ɗauki wannan magana ya gaya wa yaran da ke zaune a ƙasa cewa arzikinsu yana zuci, to, a bakinsa ta zama zalunci. Waƙar ba ta ɓoye sanyi ba, ba ta ɓoye hujin takalmi ba, ba ta ɓoye zafin dariyar ba.

Ita mawaƙiyar ma ba ta taɓa ruɗin kanta a kan wannan ba. Tun kafin wannan faifai ta yi wata waƙa mai suna "In the Good Old Days (When Times Were Bad)", wadda ta zama sunan faifanta na shekarar 1969, inda ta zayyana yunwa da ciwo da wahalar gona na ƙuruciyarta, ta kuma nuna cewa ko da yake tana girmama waɗannan kwanaki, ba ta fatan komawa cikinsu. Da ta sami hali kuwa, a shekarar 1995 ta kafa wani shiri a gundumarsu ta Sevier na aika wa kowane yaro littafi ɗaya kyauta kowane wata, tun daga haihuwa har ya shekara biyar, ta ce ta yi haka ne saboda mahaifinta da bai iya karatu ba. Shirin ya bazu har wasu ƙasashe, kuma a shekarar 2018 aka yi bikin littafi na miliyan 100. Wadda ta ɗauka cewa talauci zaɓi ne kawai ba za ta yi wannan ɗawainiya ba.

Hukunci

In aka ce in raba faifan nan kashi-kashi, sai in ce biyar daga cikin waƙoƙinsa sun isa a ajiye su har jikoki, watau "Coat of Many Colors" da "Traveling Man" da "My Blue Tears" da "Early Morning Breeze" da "Here I Am". Biyu suna tsaka-tsaki, su ne "If I Lose My Mind" da "She Never Met a Man (She Didn't Like)". Sauran ukun ciko ne. Dukan biyar ɗin farko ita ta rubuta su. An sa faifan cikin masu takarar gwarzon faifai na shekara a wajen Ƙungiyar Waƙar Kantiri ta Amurka a shekarar 1972, amma Merle Haggard ya ɗauke kyautar. Mujallar Rolling Stone kuma ta sa shi cikin jerinta na manyan faifai 500 na tarihi. Ban ga laifin wannan girmamawa ba, muddin an san cewa rabin faifan ne ya ɗauki sauran rabin a kafaɗa.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu ko waƙa, shawarata ita ce su nemi faifan su saurare shi daga farko har ƙarshe, kada su tsaya ga waƙa ɗaya da suka gada daga rediyon iyayensu. Rabin awa kawai zai ci musu. Za su ji da kunnensu bambancin da ke tsakanin waƙar da ta ambaci akwatin tsummoki da allura da hanyar makaranta, da wadda ta tsaya ga manyan kalmomi irin su ƙauna da duniya da asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma marubucin da ya fara daga ɗakinsa ya fi kusa da a saurare shi a garin da bai taɓa zuwa ba. Shaida kuwa ita ce, labarin wata yarinya daga duwatsun Tennessee ya iso har zaurukanmu.

Ga ma'aikatanmu kuwa, musamman malaman makaranta da masu riƙe da sha'anin ilmi, yaran da ke zuwa aji da rigar da aka yi wa faci ba su ƙare ba a garuruwanmu, masu yi musu dariya ma ba su ƙare ba. A cikin waƙar babu babban mutum ko ɗaya da ya tsawata wa yaran nan. Allah ya sa in irin wannan ta faru a gabanmu, a same mu mun tsawata, a kuma same mu mun yi abin da ke wuyanmu domin yaron ya sami riga. Amin.